A Yaba wa Hannun da Ke Bayan Murya: Gwanintar Makaɗan Jita a Kiɗan Kantiri

Hausawa na cewa yabon gwani ya zama dole. Sai dai kuma a fagen kiɗa da waƙa mun saba da wata ɗabi'a ta yaba wa mai murya mu manta da mai hannu, har abin ya koma kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ya yi wayo a Nijeriya tsakanin shekarun 1970 zuwa na 1990 ya san sunayen Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton da Kenny Rogers, domin kuwa gidajen rediyo da shagunan kaset da motocin haya sun cika wa iyayenmu da yayyenmu kunne da muryoyinsu, tun daga Legas har Maiduguri. Amma da za a tsayar da masu son waɗannan waƙoƙi a tambaye su wane ne yake kaɗa jitar da ke tafe da muryar Don Williams, da wuya a sami mai amsawa.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne makaɗan jita na kiɗan kantiri gwanaye ne da suka cancanci a san su, a kuma saurari hannunsu da kunnen basira kamar yadda ake sauraren muryar mawaƙan da suke yi wa kiɗa. Sannan ina ganin mu ɗaliban Hausa akwai darasi babba da za mu ɗauka daga yadda mutanen can suka riƙe tarihin makaɗansu, domin namu makaɗan na tsirkiya suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya ba tare da mun adana abin da yatsunsu suka sani ba.

Mene Ne Kiɗan Kantiri?

Kalmar kantiri a Ingilishi tana nufin karkara, wato ke nan kiɗan mutanen ƙauye. Ya samo asali ne daga kudancin Amurka, musamman yankin duwatsun Afalashiya, a tsakanin manoma da masu haƙar kwal da leburorin jirgin ƙasa. Kayan kiɗansa na farko su ne gogen Turawa da banjo, ita kuwa jita a baya take, aikinta kawai ta riƙe amo ga mai goge. Jita dai tana da tsirkiya shida, na sama masu kauri ne masu babbar murya, na ƙasa kuwa sirara ne masu zaƙin sauti. Hannun hagu yana danne tsirkiya a jikin wuyanta, na dama yana kaɗawa.

A shekarar 1925 gidan rediyon WSM da ke birnin Nashville a jihar Tenesi ya fara wani shiri na kiɗan ƙauye wanda daga baya aka sa masa suna Grand Ole Opry. A 1927 kuma wani ma'aikacin kamfanin faifai na Victor mai suna Ralph Peer ya je garin Bristol da na'urar ɗaukar murya, ya yi shela cewa duk mai kiɗa ya zo a gwada shi. Daga cikin waɗanda suka amsa kiran akwai Jimmie Rodgers da kuma wasu mutum uku 'yan dangi ɗaya da ake kira Iyalan Carter. Daga wannan zama ne masana suke ƙirga mafarin kantiri a matsayin sana'a.

Matar da Ta Fito da Jita Gaba

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne wadda ta fara ɗaga darajar jita a wannan kiɗa mace ce, kuma a lokacin shekarunta 18 kacal. Sunanta Maybelle Carter, an haife ta a 1909 ta rasu a 1978. Dabarar da ta shahara da ita ita ce ta riƙa kaɗa karin waƙar da babban yatsa a kan tsirkiyoyi masu kauri, a lokaci guda kuma sauran yatsun suna shafar sirarran suna ba da amo. Da haka jita ɗaya ta yi aikin mutum biyu, mai jan waƙa da mai riƙe masa kiɗa. Wanda ya saurari faifan "Wildwood Flower" da suka ɗauka a 1928 zai ji yadda jitar take rera waƙar da kanta kafin murya ta shigo. Har yau wannan kiɗa yana cikin abubuwan farko da masu koyon jitar kantiri suke somawa da su.

A nan ya kamata a lura da wani abu. Maybelle ba ta yi makarantar kiɗa ba, kunne da naci ne suka koya mata. Haka kuma ta ƙaru da wani Baƙar fata makaɗin jita mai suna Lesley Riddle, wanda yake raka A.P. Carter yawon ƙauyuka suna tattaro tsofaffin waƙoƙi, shi Carter yana rubuta baitoci, shi kuma Riddle yana hardace karin. Za mu sake dawowa kan wannan batu a gaba.

Sarkar Malamai Daga Kentaki

Kamar yadda kowane makaɗi a ƙasar Hausa yake da ubangidan da ya yi wa yaranta, haka su ma waɗannan mutane suna da silsilar malamai. A yammacin jihar Kentaki, yankin masu haƙar kwal, an yi wani Baƙar fata mai suna Arnold Shultz wanda ya rayu daga 1886 zuwa 1931. Salon kiɗansa ya bi ta hannun Kennedy Jones zuwa Mose Rager da Ike Everly, daga gare su kuma ya isa ga wani yaro ɗan mai haƙar kwal mai suna Merle Travis, wanda aka haifa a 1917.

Salon Travis kishiyar na Maybelle ne. Shi babban yatsansa, wanda yake sanya wa farcen roba, yana kai da komo tsakanin tsirkiyoyi masu kauri ba tsayawa, kamar mai daka da taɓarya, gefen tafin hannunsa yana ɗan danne su don kada sautin ya yi tsawo. Ɗan manuninsa shi kaɗai kuma yana kaɗa karin waƙar a kan sirara. Wahalar abin ita ce yatsun biyu na hannu ɗaya ne, amma kowanne da tafiyarsa, ɗaya bai isa ya jira ɗaya ba. Mai shakka ya gwada buga tebur da babban yatsa a kan amo ɗaya yana kuma buga wani amon daban da manuni, zai gane cewa abin ba wasa ba ne. Yau duk duniya ana kiran wannan salo da sunan Travis. Shi ne kuma ya yi waƙar "Sixteen Tons" a kan wahalar masu haƙar kwal da bashin kantin kamfani, wadda ta game duniya a 1955 da muryar Tennessee Ernie Ford.

A wajajen 1939 wani saurayi talaka mai fama da ciwon asma ya ji kiɗan Travis ta gidan rediyon WLW na Cincinnati. Bai ga hannun ba, sauti kawai ya ji, don haka bai taɓa zaton yatsa biyu ne suke wannan aiki ba. Sai ya dage yana kwaikwayo da babban yatsa da wasu yatsun biyu zuwa uku, ta haka ya wayi gari da salon kansa wanda ya fi na malamin faɗi. Wannan saurayi shi ne Chet Atkins, wanda ya rayu daga 1924 zuwa 2001, kuma ya ci kyautar Grammy 14. Saboda ciwon asma yakan kwana a zaune a kan kujera tun yana yaro, jitarsa a rungume, yana kaɗawa har barci ya kwashe shi. Masu son Jim Reeves su sani cewa Atkins ne furodusan fitattun faya-fayensa a kamfanin RCA, wato shi ne mai tsara yadda sautin zai fita. Gaskiya ne wasu sun zarge shi da rage goge da sauran kayan ƙauye a faya-fayen da ya shirya don ya jawo kunnen mutanen birni, kuma zargin yana da tushe. Amma ko masu zargin ba su taɓa musun tsabtar hannunsa ba.

Makahon da Ya Sa Jita Ta Yi Aikin Goge

Doc Watson, wanda aka haifa a 1923 a ƙauyen Deep Gap na jihar Karolina ta Arewa, ya rasa ganinsa tun bai cika shekara ɗaya ba. Mahaifinsa bai bar shi ya zauna ana tausaya masa ba. Ya haɗa masa banjo da hannunsa, ya rufe bakinta da fatar kyanwa, sannan ya ɗora shi a kan aikin yankan katako da zarto. A shekarun 1950 Watson ya shiga wata ƙungiya mai kiɗan rawa wadda sau da yawa ba ta da mai goge, alhali 'yan rawa suna son kiɗan goge. Sai ya ɗauki nauyin kaɗa waɗannan kiɗe-kiɗe masu gudu a kan jita, da ɗan farcen roba guda ɗaya da ake riƙewa tsakanin babban yatsa da manuni.

Mai goge yana jan izga sau ɗaya ya fitar da sauti da yawa, amma mai jita dole ne ya taɓa tsirkiya sau ɗaya domin kusan kowane sauti, sama da ƙasa, kuma kowanne ya fita sarai ba tare da ya shige cikin ɗan'uwansa ba. Watson ya yi wannan da saurin goge. Ya sami lambar girma ta fasaha daga shugaban Amurka a 1997, ya rasu a 2012. Mu ma mun yi Ali Makaho mai kukuma, wanda rashin gani bai hana hannunsa gwaninta ba. Bambancin shi ne su sun ɗauki hannun Watson a majigi sun rubuta yadda yake kaɗawa ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa abin da ya rage mana na Ali Makaho bai wuce tsofaffin kaset ba.

Waɗanda Sunansu Ba Ya Fitowa a Faifai

Mafi yawan jitar da muke ji a waƙoƙin kantiri na shekarun 1950 zuwa 1970 ba mawaƙan ne suke kaɗa ta ba. A Nashville akwai wasu 'yan tsirarun makaɗa na haya da ake kira su sutudiyo. Zama ɗaya awa uku ne, kuma mutum yakan yi zama har huɗu a rana, daga ƙarfe goma na safe zuwa tsakar dare. A kowane zama ana son a gama waƙa uku ko huɗu waɗanda makaɗan ba su taɓa ji ba sai a wannan lokacin. Mawaƙi zai rera sau ɗaya, su kuma su rubuta tsarin waƙar da lambobi, 1 da 4 da 5 da sauransu, bisa wata dabara da Neal Matthews ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1950. Amfanin lambobin shi ne idan muryar mawaƙi ba ta kai ba aka ce a sauko ko a hau, ba sai an sake rubutu ba. Daga nan kowa ya ƙirƙiro nasa adon nan take, a danna na'ura. Idan mutum ɗaya ya yi kuskure sai kowa ya koma farko.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Grady Martin. Shi ne ya kaɗa jitar da ke cikin waƙar "El Paso" ta Marty Robbins a 1959, inda duk lokacin da mawaƙin ya ja numfashi sai jitar ta amsa masa, tun daga farkon labarin har ƙarshensa, kuma da wuya ka ji ta maimaita amsa ɗaya. Wannan shi ne aikin 'yan amshi a wajenmu, sai dai shi da yatsa yake yin nasa. A waƙar "Don't Worry" ta wannan mawaƙi, wadda ta fito a 1961, wata na'ura ta sutudiyo ta lalace yayin da Martin yake kaɗawa, sautin ya fito da gurnani. Aka bar shi haka, jama'a suka so shi, har aka ƙera wata 'yar na'ura ta musamman don samar da wannan gurnani, wadda daga baya makaɗan rok suka runguma. Duk da haka a wancan zamani sunan irin su Martin ba ya cika fitowa a bangon faifai, kuɗin zamansu kawai ake biyan su.

Akwai kuma James Burton, gwanin jitar lantarki samfurin Telecaster, wanda tun yana matashi ya sanya wa jitarsa sirarran tsirkiyoyin banjo don ya iya tura su da yatsa sautin ya lanƙwasa kamar kuka. Ya yi wa Merle Haggard kiɗa, sannan ya jagoranci makaɗan Elvis Presley daga 1969 har rasuwar Elvis a 1977.

Jitar Tebur da Alaƙarta da Kiɗan Juju

Wannan sauti mai kama da kukan mutum da ake ji a waƙoƙin kantiri, mai zamewa daga wani amo zuwa wani ba tare da yankewa ba, na wata irin jita ce da ake girkewa kamar tebur. Asalinta daga tsibirin Hawai ne, inda aka fara kwantar da jita a cinya ana goga mata ƙarfe. Ta zamani tana iya zuwa da wuya biyu, kowanne da tsirkiya goma. Makaɗin yana riƙe da sandar ƙarfe a hagu, farata a yatsun dama, ƙafarsa ta hagu tana taka fedoji masu ja ko sassauta tsirkiya, ta dama tana sarrafa ƙarfin sauti, gwiwoyinsa kuma suna ture wasu 'yan sanduna. Wato hannu biyu da ƙafa biyu da gwiwa biyu duk suna aiki a lokaci guda, kuma kunne ne kaɗai zai gaya masa ko ƙarfen ya tsaya daidai. Bud Isaacs ne ya fara jawo hankalin jama'a ga taka feda a tsakiyar sauti, a waƙar "Slowly" ta Webb Pierce da ta fito a 1954. Amsar tambayar da muka yi a farko kuwa, Lloyd Green ne ya kaɗa irin wannan jita da 'yar'uwarta ta cinya a da yawa daga waƙoƙin Don Williams da Nijeriya ta sani.

Mu da muke karatu a kudancin ƙasar nan ba sai mun je Amurka ba kafin mu ji wannan abu. King Sunny Ade ya shigar da jitar tebur cikin kiɗan juju ta hannun makaɗinsa Demola Adepoju, kuma tana daga cikin abubuwan da suka ɗauki hankalin duniya a faifansa na "Juju Music" a 1982. Shi wannan Adepoju ne Paul Simon ya gayyata ya kaɗa masa a faifan "Graceland" na 1986. Kayan kiɗa ya taso daga Hawai, ya girma a Nashville, ya zo Legas ya koyi Yarbanci, sannan Ba'amurke ya dawo yana neman ɗan Nijeriya ya kaɗa masa.

Gwaninta Ba Gudu Ba Ce Kawai

Kada mai karatu ya ɗauka gwanin jita shi ne wanda ya fi kowa saurin yatsa. Luther Perkins, makaɗin Johnny Cash tun daga 1955, bakanike ne a garin Memfis, kuma bai iya kiɗa mai yawan ado ba. Abin da yake yi shi ne ya danne tsirkiya da gefen hannu ya riƙa buga sauti biyu ko uku a kan amo mai kama da tafiyar jirgin ƙasa. Amma wannan ɗan abin shi ne tambarin Johnny Cash, kuma bayan rasuwar Perkins a 1968 duk wanda ya gaje shi sai da ya bi sawunsa. Sanin inda za ka yi shiru ka bar wa mawaƙi fili shi ma ilimi ne, kuma sau da yawa ya fi gudu wuyar samu. Wanda ya san kuntigin Ɗanmaraya Jos ya san haka. Tsirkiya ɗaya ce a kan gwangwani da fata, amma ya yi shekaru da dama yana riƙe taron jama'a da ita shi kaɗai.

Labarin Glen Campbell kuma yana nuna zurfin da wannan ilimi yake yi a jikin mutum. Kafin ya zama mawaƙi makaɗin haya ne a Los Anjalis. A 2011 ya bayyana wa duniya cewa ya kamu da cutar mantuwa, ya kuma fita rangadin bankwana. A kan dandamali sai ya dubi allo kafin ya tuna baitocin waƙoƙinsa, amma da an zo wurin jita sai yatsun su tafi da kansu. Ya rasu a 2017.

Amsa ga Masu Suka

Na san za a ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da kiɗan Turawan ƙauye? Amsa ta farko ita ce kiɗan ba na Turawa kaɗai ba ne. Banjo, wadda take ɗaya daga cikin ginshiƙansa, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara ƙera ta a tsibiran Karibiyan da Amurka, da duma da fata da sanda. Masu bincike sun fi danganta ta da akontin na ƙabilar Jola ta Sanigal da Gambiya, kuma wanda ya dubi hoton banjo ta farko ya dubi gurminmu zai ga kamannin ƙira. Ga kuma Shultz da Riddle da muka ambata. Abin takaici shi ne Shultz ya rasu ba a taɓa ɗaukar kiɗansa a faifai ba ko sau ɗaya, shi kuma Riddle ya bar kiɗa ya koma wasu sana'o'i a jihar Niyok har sai da Mike Seeger ya gano shi a 1965. Sanin tarihin makaɗan jita hanya ce ta mayar wa waɗannan bayin Allah haƙƙinsu.

Za a kuma ce ai kantiri kiɗa ne mai sauƙi, amo uku ne ake ta juyawa. Haka ne, ginin waƙar mai sauƙi ne. To amma tuwo ma gari ne da ruwa, kuma ba kowace mace ce ta iya tuƙa shi ba. Sauƙin ginin shi ne yake tona asirin makaɗi, domin ba shi da wurin ɓuya.

Wasu kuma za su ce wannan kira ne ga kwaikwayon baƙi. Ko kusa ba haka ba ne. Ba na kiran kowa ya ajiye gurmi ya ɗauki jita. Abin da nake so mu kwaikwaya shi ne riƙon da suka yi wa gwanayensu. Sun kafa zauren tunawa da fitattun kantiri a 1961, suka buɗe gidan tarihinsa a Nashville a 1967. Sun shigar da Iyalan Carter a 1970, Atkins a 1973, Travis a 1977, shi kuwa Grady Martin sai a 2015, shekara 14 bayan rasuwarsa, wanda ke nuna su ma sun yi jinkiri a kan makaɗan haya. Jitar Maybelle tana ajiye a wannan gida. Saboda wannan adana ne sarkar ba ta tsinke ba, har a 2017 wata matashiya mai suna Molly Tuttle ta zama mace ta farko da ta ci kambun gwarzon makaɗin jita na shekara a reshen kantiri da ake kira bulugiras.

Ina Muka Kwana?

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya sami Arnold Shultz shi ne yake samun makaɗanmu. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, mun hardace waƙoƙinsa, amma mu nawa ne za mu iya lissafa sunayen masu kalangun da suka riƙe masa kiɗa? Ɗanmaraya ya rasu a 2015, wane ne ya rubuta yadda yake riƙe farce, ko yadda yake danne tsirkiya ɗaya ta ba shi sauti daban-daban? Haka gurmin Haruna Uji da kukumar Garba Supa da ta Ahmadu Doka. Tun daga shekarun 1990 da fiyano ta shiga sutudiyoyin Kano, daga baya kuma kwamfuta, mutum ɗaya yana iya haɗa kiɗan waƙa gaba ɗaya ba tare da ya taɓa tsirkiya ba. Wannan ba laifi ba ne a karan kansa, amma yana nufin yaro ba shi da dalilin ɓata shekara goma yana bin maigida don koyon garaya, balle ga shi al'umma tana yi wa makaɗi kallon maroƙi.

Mu ɗalibai ma muna da namu kason. Dubi kundayen digirinmu a kan waƙar baka. Za ka tarar da tarihin mawaƙi, da jigo, da salo, da zubi da tsari, da rataye cike da baitoci. Idan aka zo kan kiɗa sai a ce yana amfani da kukuma, shi ke nan an wuce. Alhali masana irin su David Ames da Anthony King, waɗanda suka wallafa ƙamus na kiɗan Hausa a 1971, da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun share mana hanya. Saura mu ɗora.

Shawarwari

Na farko, mu koyi saurare. A ɗauki waƙa ɗaya, ta Don Williams ce ko ta Haruna Uji, a saurare ta sau uku. A karo na farko a bi murya, a na biyu a bi amon da ke ƙasa wanda ba ya tsayawa, a na uku a kasa kunne ga abin da kayan kiɗa yake faɗa a gurbin da mawaƙi ya yi shiru. Wanda ya yi haka zai ga kamar sabuwar waƙa aka ba shi.

Na biyu, duk ɗalibin da zai rubuta kundi a kan mawaƙi ya keɓe babi ga makaɗansa, ya kawo sunayensu da malamansu da yadda suke haɗa kayan kiɗan da yadda suke kaɗa shi. Wayar da ke aljihunmu ta isa ɗaukar hoton bidiyo na hannun makaɗi a kusa, bayan an nemi izininsa an kuma sallame shi.

Na uku, mu yi amfani da damar da zamanmu a kudu ya ba mu. Jami'o'i irin su Nsukka da Ife suna da sashen nazarin kiɗa, inda ake da masu iya rubuta sauti a takarda. Unguwannin Hausawa kamar Sabo ta Ibadan da Agege ta Legas ba sa rasa masu gurmi da goge. Haɗa waɗannan biyu bai fi ƙarfin ƙungiyar ɗalibai ba. A bikin Ranar Hausa ta 26 ga Agusta a gayyaci makaɗi, a ba shi kujera a gaban allo ya yi bayanin sana'arsa kamar kowane malami, kada a tsaya ga sa shi kiɗa ana liƙa masa kuɗi.

Kammalawa

Maybelle Carter da Merle Travis da Chet Atkins da Doc Watson 'ya'yan talakawan ƙauye ne da suka ɗauki katako da waya shida suka mayar da su ilimi mai malamai da ɗalibai. Sun cancanci yabo, haka ma Grady Martin da Lloyd Green da ire-irensu da suka yi aiki a bayan fage. Idan muka saba wa kunnuwanmu da jin hannunsu, za mu dawo gida mu ji hannun namu makaɗan da sabon kunne, mu kuma gaggauta adana abin da ya rage tun masu shi suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kuma ba mu ikon riƙe abin da suka bari.